Addu'ar safe: Mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi

Malam Bitrus:
Salamar Ubangiji a gare ku 'yan'uwa, barkanmu da asuba. Karatunmu na yau Zabura 121 ce. Waƙar matafiya ce, masu hawa zuwa Urushalima lokacin idi. Tafiyar ƙasa suke yi, ga zafin rana, ga duwatsu, ga 'yan fashi a hanya. Mai waƙar ya ɗaga ido ya dubi tuddai, ya tambayi kansa daga ina taimako zai zo, sai ya ba kansa amsa: daga wurin Ubangiji wanda ya yi sama da ƙasa. Ya ce mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi, ba ya barci, kuma zai kiyaye fitarka da shigarka.

Mu ma kullum a kan hanya muke. Akwai masu sammakon aiki a Sharada da Bompai, akwai iyayenmu mata da ke zuwa Yankaba sarin kayan miya tun gari bai waye ba, akwai masu bin hanyar Jos ta dajin Falgore. Kafin ka sa ƙafa waje, ka tara iyalinka ku miƙa ranar a hannunsa. Ubangiji ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Asabe:
Amin Malam. Allah ya ƙara basira.

Danladi:
Malam, wallahi kamar ka san abin da ya same ni. Shekaranjiya da yamma na ɗauko fasinja daga Hotoro, sai adaidaitata ta mutu a tsakiyar titi, ba gaira ba dalili, ga mai a tanki. Na sauka ina turawa gefe ina ta mita. Wani abokin sana'a ya wuce ni. Bai yi nisa ba wata tirela da birki ya tsinke mata ta bi ta kansa a mahaɗa. Shi da wata mata nan take suka cika. Da injina bai mutu ba, da ni ne a wurin. Ku taya ni godiya, Allah yana ƙaunata. Ran Lahadi zan fito shaida.

Asabe:
Halleluya! Sannu da arziki ƙanena.

Tabita:
Kai, jikina har ya yi sanyi. Yabo ga Ubangiji.

Mama Rifkatu:
Danladi ɗana, sannu da arziki, na yi murna har zuciyata. Amma ku yi mini haƙuri, akwai tambayar da ta daɗe tana cina, yau dai zan yi ta.

Ranar Litinin 18 ga Maris 2013 mun karanta wannan Zaburar a gidanmu. Baban yara ne ya karanta da bakinsa, yara sun ce amin. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi tashar New Road, domin akwai babbar motar da zai duba kafin ta tashi zuwa kudu. Da yamma ina tuƙa tuwo na ji ƙarar bam ɗin da ya tashi a tashar, har kwanuka suka motsa. Washegari a ɗakin ajiye gawa ban gane fuskarsa ba, makullin shagonsa na gane, da koren zaren da ni na ɗaura masa.

To Malam, Ubangiji ya kiyaye fitarsa, ina shigarsa? Duk ƙarshen shekara idan aka buɗe filin shaida, wannan ya ce ya tsira daga hatsari, wancan ya ce ya fasa shiga motar da aka sace, ana tafi ana guɗa, ni sai in zame in koma bayan majami'a wurin tukwane in zauna. Ba hassada nake yi ba. Abin da kunnena ke ji shi ne su Allah yake ƙauna, nawa kuwa an manta da shi. Ban bar bin Yesu ba, ba kuma zan bari ba. Ina so ne a gaya mini gaskiya.

Iliya:
Mama sannu, Allah ya ƙara haƙuri. Amma maganar Allah ba ta faɗuwa ƙasa banza. Zabura 91 ta ce dubu za su fāɗi a gefenka, dubu goma a damanka, abin ba zai zo kusa da kai ba. Alkawari ne. Idan ba mu gan shi ba, sai mu binciki kanmu, wani lokaci akwai ƙofar da aka bari a buɗe wa magabci.

Hannatu:
Iliya, dakata haka nan. Wace ƙofa? Ni na san Baba mijin Mama, shi ke zuwa ya share majami'a ranar Asabar ba wanda ya sa shi. Ka buɗe Luka 13. Yesu ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta fāɗa wa, ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya amsa da kansa cewa a'a. Waɗanda aka harbe suna tsakiyar sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu 2012, har da malaman jami'a a cikinsu, su ma ƙofa suka bari? Aikin jinya nake yi, na sha riƙe hannun masu bi na gaske suna cikawa da sunan Yesu a bakinsu, na kuma ga waɗanda ba ruwansu da Allah sun tashi garau. Irin wannan magana ita ke sa gwauraye kuka biyu.

Iliya:
Anti, ba Baba nake nufi ba, Allah ya sani. Tambayata ita ce, to me za mu yi da Zabura 91? Mu daina karanta ta? Idan muka ce alkawarin yana iya cika yana iya ƙin cika, da me za mu ƙarfafa yaro mai tafiya bautar ƙasa wani gari?

Baba Ishaku:
Tambayarka tana da kyau, wurin da ka ajiye ta ne bai dace ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, Ubangiji ya yi fushi da su. Mu jira Fasto.

Fasto Yohanna:
Na shigo, na karanta duka. Mama, na gode da kika fito da wannan magana. Na tabbata akwai da yawa a nan da suke ɗauke da ita.

Mu je Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya sa aka kashe shi da takobi. Aya ɗaya ce tak, ba a ƙara komai ba. Da ya ga abin ya yi wa mutane daɗi sai ya kama Bitrus. Bitrus yana barci tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu, mala'ika ya tashe shi, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta, ya je gidan Maryamu inda ake ta addu'a, Roda ta ji muryarsa, murna ta hana ta buɗe ƙofa. Mun iya wa'azin Bitrus sosai. Amma sura ɗaya ce, ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya, Ubangiji ɗaya. Yakubu yana cikin mutum uku da Yesu ya hau dutse da su suka ga ɗaukakarsa. Wa zai ce ba a ƙaunarsa? Kuma a cikin masu murnar fitowar Bitrus a wannan dare akwai waɗanda ba su gama makokin Yakubu ba. Nassi bai ba mu dalilin bambancin ba, ni ma ba zan ƙirƙiro wani ba.

Iliya, game da Zabura 91, ka tuna wanda ya jawo ta a Matiyu sura 4. Shaiɗan ne, ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga kan Haikali tun da an rubuta mala'iku za su tallafe shi. Yesu bai ce Zaburar ƙarya ce ba, ya ƙi dai a mai da ita abin gwada Allah. Shi kuma wanda ya fi kowa zama a inuwar Maɗaukaki, an kai shi gicciye. Uban bai fishe shi daga mutuwa ba, ta cikin mutuwar ya fito da shi a rana ta uku.

A Luka 21 Yesu ya ce wa almajiransa za a kashe waɗansunsu, ayoyi biyu gaba kuma ya ce ko gashin kansu ɗaya ba zai hallaka ba. Bulus a 2 Timoti sura 4 ya ce lokacin tashinsa ya yi, ya san abin da ke jiransa, a surar nan kuma ya ce Ubangiji zai cece shi daga kowane mugun abu ya kai shi lafiya mulkinsa na sama. Saboda haka Mama, amsata ke nan, kuma da dukan zuciyata nake faɗa: an kiyaye shigarsa. Bai shigo gidanku na Sabon Gari ba, wannan kuwa rashi ne na gaske, mugunta ce mutane suka aikata, Allah zai yi shari'arta. Amma bam bai iya fizge shi daga hannun Makiyayinsa ba. Za ku sadu a ƙafafun Yesu.

Iliya:
Na ji Fasto. Ni dai har yanzu zan ci gaba da roƙon Zabura 91 a kan iyalina yadda take a rubuce.

Fasto Yohanna:
Ka roƙa, ni ma ina roƙo kowace safiya. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce wa sarki Allahnsu yana da ikon cetonsu, zai kuwa cece su, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Ka koya wa yaron nan mai tafiya bautar ƙasa duka biyun, kada ka ba shi rabi.

Mama Rifkatu:
Fasto na gode. Inda yake ban taɓa shakka ba. Mu da aka bari ne abin ya yi wa nauyi. Amma tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba.

Lokacin ba ni da sana'a, ga yara, ga kuɗin haya ya kusa. Wata Hajiya maƙwabciyarmu, mai sayar da atamfa, kullum da magariba sai ga 'yarta da kwanon abinci a rufe, har na gama zaman makoki ba ta fasa ba. Ba ta taɓa zuwa ta tsaya in yi mata godiya ba. Zumuntar Mata suka yi karo-karo suka saya mini injin markaɗe. Da kuɗin markaɗen tattasai da wake na biya makaranta, babban yanzu yana koyarwa, ta biyun tana karatun ungozoma. Akwai daren da ba ko ƙwayar shinkafa, na ɗora ruwa a wuta don yara su ga kamar ana girki har barci ya kwashe su, da safe wani wanda baban yara ya taɓa gyara wa mota bashi ya zo ya biya, ni ban ma san da bashin ba.

Ban ce wannan ya biya mini mijina ba. Bai biya ba. Amma na san ba ni kaɗai na yi renon yaran nan ba.

Tabita:
Mama, wannan ai ita ce shaidar da ya kamata mu ji a majami'a. Hawaye nake yi.

Danladi:
Mama ki gafarce ni in maganata ta fama miki ciwo. Fasto, to in fasa fitowa ran Lahadi?

Mama Rifkatu:
Kul, kada ka fasa. Kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya dawo godiya, kada ka shiga cikin taran. Abu ɗaya nake roƙo. Idan ka tsaya, ka tuna mutum biyu sun mutu a wurin, suna da uwa, wataƙila suna da 'ya'ya. Ka ce Allah ya yi maka jinƙai, kada ka ce ya fi ƙaunarka. Ka sa a yi wa iyalansu addu'a kafin a fara tafi.

Baba Ishaku:
Ka kuma tambaya a tasharku inda gidan direban yake, ka je ta'aziyya. Musulmi ne ko Kirista, ka je. In ka samu gidan ka biyo ka ɗauke ni.

Bari in ƙara wani abu don yaranmu, domin da yawa ba su san ta inda bishara ta biyo ta iso mana ba. A 1893 mutum uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan tamu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na ƙungiyar mishan ta SIM ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, da asibitin ido da ke nan Kano tun 1943, wanda mutane ke zuwa har daga Nijar. A ɓangaren CMS kuma, wato ƙungiyar mishan ta Anglika, Bishop Tugwell da Likita Miller sun iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba su zauna ba. A 1913 zuriyar Isawa, wato mabiya Annabi Isa da suka fito daga cikin Musulmi, suka nemi Miller a Zariya, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, abin gwanin sha'awa, sai cutar barci ta ƙudan tsando ta shiga ta kashe da yawa, sauran suka tashi. Wanda ya tsaya a bakin kaburburan Gimi a lokacin zai ce Allah ya juya baya. Amma daga ragowar nan aka samu iyalan da suka riƙe ikilisiya a Zariya da Wusasa, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa cikakke. Iyayen da suka binne 'ya'yansu a Gimi ba su ga yawancin wannan ba, ba kuma zan ce zafinsu ya ragu saboda mu mun gani ba.

Ni kaina a rikicin Oktoba 1991, lokacin zuwan mai wa'azin bishara Reinhard Bonnke, mai gidan da nake haya, wani Alhaji, shi ya shigar da matata da yara ɗakin uwargidansa, ya ba ni babbar rigarsa da hula, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna da carbinsa. Duk wanda ya zo sai ya ce masa nan ba baƙo, iyalinsa ne. Shi ya sa ranar 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai hari babban masallacin Juma'a na cikin gari aka kashe sama da mutum 100, ban iya cin abinci ba sai da na ji 'ya'yansa suna lafiya. Sau da yawa hannun da Ubangiji ke kiyaye mu da shi, hannun maƙwabci ne.

Markus:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni na kwashe iyalina muka koma Jos bayan harin 20 ga Janairu 2012. Matata tana kusa da Bompai ranar, tun daga nan ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta firgita. Da za mu tashi wani ɗan'uwa ya ce mini mai bangaskiya ba ya gudu. Maganar ba ta bar ni ba har yau. Yanzu kuma an yi mini tayin aiki mai kyau a Kano, ni ina so, ita ta ce ko gawarta kada a kawo. Na yi azumi, na yi addu'a, ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Yaya mutum zai gane bishewar Ubangiji a irin wannan?

Malam Bitrus:
Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka bai karanta Matiyu sura 2 ba. Mala'ika ne da kansa ya ce wa Yusufu ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar. Bulus ma a kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu da dare.

Fasto Yohanna:
Ka kuma duba Ezra da Nehemiya, dukansu daga ƙasar bauta suka taso zuwa Urushalima. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, domin ya riga ya gaya masa hannun Allah yana kan masu nemansa, sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka kama hanya, suka isa lafiya. Nehemiya kuwa ya tafi da shugabannin sojoji da mahayan dawakai da sarki ya haɗa shi da su, da ana ginin garu kuma suka yi addu'a suka sa masu tsaro dare da rana. Ba wanda Nassi ya zarga a cikinsu. Waɗanda suka zauna Kano ba su fi ka bangaskiya ba, kai ma ba ka fi su wayo ba.

Batun murya kuma, kada ka matsa wa kanka. A Ayyukan Manzanni 16 Bulus ya nufi Asiya aka hana shi, ya nufi Bitiniya aka hana shi, sai da ya gangara Taruwasa sannan ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Yana tafe ake bishe shi. Kai kuma ba kai kaɗai ba ne, jiki ɗaya kuke da matarka. Ban ga yadda Ubangiji zai kira ka Kano ta hanyar da za ta karya ta ba. In nufinsa ne ku dawo, yana da ikon kwantar mata da hankali, wannan kuwa ba aikin gardamarka ba ne.

Hannatu:
Yaya Markus, wannan firgitar da take yi ciwo ne da ake dubawa, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Akwai likitocin da suka san kansa a Jos. Ko kun dawo ko ba ku dawo ba, ka kai ta a duba ta, a haɗa da addu'a.

Iliya:
Ni a ganina in ƙofa ta buɗe a shiga kawai. Tsoro ba daga Allah yake ba.

Mama Rifkatu:
Iliya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ka ji ƙarar nan da kunnenka ba.

Markus ɗana, kada ka ja ta da ƙarfi, kada kuma ka karɓi aikin a ɓoye ka zo mata da labari. Ka ce mata ni na ce ta zo bikin Kirsimeti ta sauka a wurina, ba maganar aiki, ba maganar ƙaura. Mu je kasuwa tare, mu je sujada, ta ga garin da idonta. In ta ji ba za ta iya ba, ta koma, ba wanda zai ga laifinta. Ni ma na daɗe ban iya bin New Road ba, sai in zagaya ta France Road ko da kuɗin mota zai ƙaru.

Markus:
Mama na gode, zan gaya mata yau da dare. Sai dai masu aikin sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen wata, Kirsimeti kuma da saura.

Baba Ishaku:
Ka roƙe su su ƙara maka lokaci, ka gaya musu gaskiya cewa batun iyali ne. In sun ƙi, sai mu san abin da za mu sa a addu'a. Ka kira ni bayan cin abincin dare, ka ba ta wayar mu gaisa.